Soshal, darasin da na raina har ya kai ni Nobdek

A cikin kiyos ɗin momo na Kawu, inda ake tura kuɗi da cirewa ta waya, nan bakin titin Aboabo a Kumasi, na duba sakamakona na WASSCE, jarrabawar fita daga sakandare. Watan Disamba ne na 2021, hunturu ya fara busar da leɓe. Na sayi cheka, wato lambar duba sakamako, na zuba lambar jarrabawata da sauran lambobin, hannuna na rawa har sai da na kuskure sau biyu. Shafin na buɗewa sai ga wata mata ta miƙo waya a cire mata sidi hamsin. Na ƙirga mata kuɗinta, idona na kan tawa wayar. Turanci C4. Lissafi B3. Darussan kasuwanci huɗu da na zaɓa, babu wanda ya sauka ƙasa da C4. Sai guda biyu a tsakiya kamar ruɓaɓɓun haƙora: Sayans D7, Soshal D7.

Na Sayans bai ba ni mamaki ba, dama ni da shi gaisuwar nesa muke yi. Amma Soshal? Darasin da ban taɓa zaton mai hankali zai faɗi ba?

Saboda 'yan'uwa na Kano da Damagaram da ba su san tsarinmu ba, bari in ɗan warware. A Ghana duk ɗan sakandaren da ya zauna jarrabawar fita a zamaninmu, ko me ya zaɓa ya karanta, akwai darussa huɗu da ba shi da mafita a kansu: Turanci, Lissafi, haɗaɗɗiyar Kimiyya da muke kira Sayans, da nazarin zamantakewa da kowa ke kira Soshal. Sakamako daga A1 yake farawa ya ƙare a F9, amma jami'a ba ta kallon abin da ya gaza C6. Darussa shida ake haɗawa, uku daga na dole, uku daga na zaɓi, a tara lambobinsu, mai ƙaramar jimilla shi ne a gaba. Turanci da Lissafi ba a taɓa su. Na ukun ne ake ɗan sassauci: jami'ar KNUST da ke nan kusa da mu Sayans take nema, jami'ar Legon da wasu kuwa sukan karɓi Soshal daga wanda ba fannin kimiyya zai shiga ba. Ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Da na ci Soshal ko da C6 ne, da ƙofa ɗaya ta tsaya mini a buɗe. D7 kuwa sunanta an ci, amma ba ta kai mutum ko'ina.

Gaskiya ni na jawo wa kaina. Mu ne rukunin da aka fara rabon zango biyu a kanmu a 2018, shekara guda bayan an fara sakandare kyauta, ɗalibai suka yi wa azuzuwa yawa aka raba mu kore da ruwan zinariya, wasu na aji wasu na gida. Sai korona ta rufe makarantu a Maris na 2020, muka share watanni muna zaman kashe wando. Da aka koma lokaci ya ƙure, kowa ya zaɓi inda zai zuba ƙarfinsa. Mu 'yan ajin kasuwanci akanta muka rungume. Lokacin Soshal shi ne lokacin kwafar aikin gida na wani darasin, ko gyangyaɗi a kujerar baya. Abin da muke faɗa wa juna shi ne Soshal ai hankali ne kawai, wa zai koya maka illar shaye-shaye ko amfanin zaman lafiya? Karatun dare ɗaya ne. Na kuwa yi masa daren ɗaya cif. Ashe ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwana uku ban gaya wa Mma ba. Kawu na fara nuna wa, ya sa tabarau ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Kai, darasin zama mutum ka faɗi?" Shi ya yi tsohon tsari, shekara biyar na sakandare da ƙarin biyu a aji shida, kafin gyaran ilimi na 1987 ya kawo ƙaramar sakandare da babba. A zamaninsu ma akwai wata takarda ta gama-gari, Janar Fefa, da dole ka ci kafin jami'a ta dube ka. Ya ce su jarida suke karantawa da sauraren rediyo don ita, ba wanda ya tauna musu ya zuba musu a baki. A ganinsa mu an dafa mana, an zuba mana a kwano, mun ƙi ci. Ban ce komai ba, don shi zai biya kuɗin sake zama.

Sake zaman shi ne Nobdek, jarrabawar da WAEC ke shirya wa masu zaman kansu a ƙarshen shekara, sunan ma daga Nuwamba da Disamba aka yanko shi. Rajistar ba ta da wani labari. Na je wani kafe da ke yin ta, aka ɗauki hotona, na ɗora yatsu a kan ƙaramar na'ura mai jan haske, na zaɓi darussa biyu, na biya, aka buga mini takarda. Shawara ɗaya da zan ba mai zuwa ita ce ya karanta sunansa da ranar haihuwarsa harafi bayan harafi kafin a tura. Sunayenmu na Zango kowa da yadda yake rubuta su, kuma in na takardar farko da na ta biyu suka saɓa, kai za ka sha yawo ranar da za ka haɗa sakamakon biyu wajen neman jami'a. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne mai zaman kansa ba shi da makin aikin aji da makaranta ke tura wa ɗalibanta. Abin da alƙalaminka ya rubuta a ɗakin jarrabawa, shi ke nan.

Na shiga rimidiyal, wato ajin bita na masu sake zama, na yamma a wani ajin firamare da ake ara wajen Asawase, daga la'asar zuwa bayan isha'i, a tashi a yi magariba a dawo. Mu kusan talatin ne, har da wata matar aure mai goyo da wani tela da ya girme ni da shekara goma. Malamin Soshal ɗin dattijo ne ɗan Zango da ya yi ritaya, Masta muke ce masa. Ranar farko bai koyar da komai ba. Ya rubuta tambaya ɗaya a allo, ya ce minti talatin da shida: a bayyana hanyoyi biyar da galamse, haƙar zinariya ta ɓarauniyar hanya, ke cutar da muhalli.

Na yi murmushi. Gurɓata ruwa, lalata gonaki, sare daji, barin ramuka, kawo cuta. Layi biyar, minti biyar, na ajiye biro na harɗe hannu ina kallon masu fama. Washegari takardata ta dawo da jan biro: biyar cikin ashirin.

Na bi shi waje na ce, "Masta, wanne ne ba daidai ba a ciki?"

Ya ce, "Duk daidai ne, ɗana. Ka shiga zaure ka kira sunan mutum biyar, ba ka gaisa da ko ɗaya ba."

Ya karɓi takardar ya ɗora a kan sirdin kekensa, ya ɗauki maganar ruwa kaɗai. Wane ruwa? Pra, Offin, Ankobra, Birim. Me ke shiga cikinsa? Laka daga wankin ƙasa, da makuri, wato zaiba, da ake kama zinariya da shi. Sai me ya faru? Kifi ya mutu ko ya ɗauki guba, mai sha ya kamu da ciwo, masu tace ruwa su ƙara kashe kuɗin magani. Ya ɗago ya ce, "Famfon gidanku daga ina ruwansa yake zuwa?" Na ce ban sani ba. Ya ce yawancin ruwan Kumasi daga madatsar Barekese ne, ita kuwa a kan kogin Offin take. Shekara ashirin ina shan ruwan nan ban taɓa tambaya ba. A ƙa'idar da ya koya mana, ambaton abu maki ɗaya ne, sauran ukun suna cikin yadda abin ke faruwa, da abin da yake haifarwa, da misali na gaske. A nan na gane yadda aka yi na samu D7. Na san amsoshin, ban biya kuɗinsu ba.

Daga nan ne nauyin darasin ya bayyana mini, kuma lissafi ne mai sauƙi. Takarda biyu ce. Ta farko tambayoyi 50 na zaɓi cikin minti 50. Ta biyu tambayoyi goma ne a kashi uku: muhalli, sai mulki da siyasa da zaman lafiya, sai ci gaban zamantakewa da tattalin arziki. Za ka amsa biyar, aƙalla ɗaya daga kowane kashi, cikin awa uku. Tambaya biyar, kowace da kamar hujja biyar, ka ga sakin layi ashirin da biyar ke nan, da Turanci, kowane da kansa da ƙafarsa. Minti bakwai ga kowane, ba tare da ka tsaya tunani ba. A akanta in ka san hanya lambobi ne za su yi maka magana. A nan kai za ka yi maganar.

Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan Zango. Hausa muke yi a gida, Twi a kasuwa da cikin mota, Larabci a makaranta. A wurinmu ma in an ce makaranta ta allo ko Islamiyya ake nufi, ta boko sukuu muke cewa. Turanci sai a aji, shi ma rabinsa fijin ne da zarar malami ya juya baya. Sau da yawa hujjar na nan sarai a kaina da Hausa, da a majalisar ataya ne sai in yi rabin awa ina zuba, amma in na zo sa ta a takarda sai ta ƙanƙance ta koma layi ɗaya da rabi. Rabin wahalar Soshal ba Soshal ba ce, jarrabawar Turanci ce ta biyu da aka saya wa wata riga. Masta ya san haka. Yakan sa mutum ya tashi ya faɗi hujjarsa da Hausa tukuna, har sai ajin ya gamsu, sannan ya ce to, yanzu kai ta gidan Bature.

Sai faɗi. Batutuwan sun haura ashirin: sanin kai, balaga, aure, tarbiyyar 'ya'ya, al'ada, yawan jama'a, sulhu, shugabanci, tsarin mulki, haƙƙoƙi, kimiyya da fasaha, duniyar aiki, dogaro da kai, hulɗar Ghana da ƙasashen waje, abin dai kamar kayan koli. Babu mai zurfin da zai nutsar da kai, amma ba ka isa ka tsallake kashi ɗaya ba tunda dole ka taɓa kowane. Na raba babban littafin rubutu gida uku, na sayi pasko, wato tarin tsofaffin tambayoyi, na shekaru goma. Bayan asuba in kai wa Mma tukwanen koko bakin hanya, ƙarfe bakwai in buɗe kiyos. Tsakanin mai cirewa da mai turawa nake rubuta sakin layi ɗaya. Akwai shafukan da har yau in na buɗe nakan ga lambar wayar wani a gefen bayanin rabe-raben iko. Na ɗauka Sayans zai cinye lokacina, sai ga shi kusan raba daidai suka yi, don Sayans ana haddace shi a gane, Soshal kuwa sai hannu ya saba.

Ba zan yi ƙarya in ce duk abin da ke ciki zinariya ne ba. Da na bi pasko na shekara biyar sai na lura da wani abu da ya ba ni dariya, daga baya ya ba ni haushi. Ko me aka tambaya game da magance matsala, amsoshin ba sa wuce 'yan gida ɗaya: a wayar da kan jama'a, a tsaurara doka, a samar wa matasa aiki, a sa sarakuna da malaman addini a ciki, gwamnati ta ware kuɗi. Shara a kwata? Su ne. Cikin shege? Su ne. Cin hanci, ƙaura zuwa birni, rikicin sarauta? Su ne dai. Makulli ɗaya mai buɗe kowace ƙofa. Mutum zai iya cin maki mai kyau da su bai taɓa tsayawa ya tambayi dalilin da ya sa rafin Aboabo ke cike da leda duk da shekarun da aka yi ana wayar mana da kai ba. Akwai kuma ma'anoni da dole ka haddace kamar karatu, in ka faɗa da naka kalmomin a rage maka. Ɗalibai suna da kirarin da suke yi wa irin wannan karatu: tauna, zubar, ci, manta. Wajen rabin darasin a haka na bi da shi, kuma na manta shi kamar yadda kirarin ya ce.

Babin balaga da lafiyar haihuwa kuwa a kiyos kawai nake karanta shi, tun ranar da ƙanwata ta ɗauki littafin a tsakar gida ta fara karanto kan maganar da ƙarfi tana fassarawa, ga Mma ga baƙi biyu a kan tabarma.

Amma akwai ɗaya rabin, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Wani dare an ɗauke wuta, ina zaune a baranda da fitilar waya ina maimaita babin zama ɗan ƙasa da ƙarfi. Kaka na gefe tana jan carbi. Ta ce me nake ta gunaguni a kai. Na ce mata ana koya mana wane ne ɗan Ghana. Ta yi shiru, sannan ta ce, "A zamanin Busiya aka koya mana wannan, ba da littafi ba."

Na san abin a matsayin kwanan wata: 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya samo ko ya bar ƙasar. Layi biyu ne a takardata. Kaka kuwa lokacin tana sabuwar amarya. Ta ce unguwa ta koma kasuwa, ana sayar da gado da keken ɗinki a kuɗin goro. Manyan motoci cike da mutane da buhuna suna fita, yara a saman kaya. Wata Bayarbiya mai sayar da atamfa da ke gidan da ke kallon nasu ta kawo wa mahaifiyarta makullin ɗaki ta ce a riƙe mata, za ta dawo bayan salla. Makullin ya yi shekaru a cikin kwalla. Mahaifin Kaka a Kumasi aka haife shi, ubansa bafataken goro ne daga Kano da ya biyo ta Salaga, uwarsa kuwa 'yar Gwanja ce. Duk da haka makonni ya yi bai leƙa kasuwa ba, saboda wanda zai tare ka a hanya ba asalin uwarka zai tambaya ba, rigarka da harshenka zai duba.

Na buɗe tsarin mulkin 1992, wanda aka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama a watan Afrilun shekarar, ya fara aiki ranar 7 ga Janairu 1993. Na fassara mata sashe na 6: wanda aka haifa bayan tsarin ya fara aiki, a cikin Ghana ko a waje, ɗan ƙasa ne in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Ba wurin haihuwa kaɗai ba ne, kuma ba ƙabila ba ce, ba suna ba ne. Ta ce in sake karantawa. Na sake. Ta ce, "To ka riƙe lambar nan da kyau." Na kuwa riƙe. Bayan watanni na je wani ofis neman wata takarda, wanda ke kan tebur ya ga sunana ya ce, a'a, asalin garinku fa? Da can sai in fara kame-kame ko in fusata. Ranar nan cikin ladabi na lissafa masa uwata, da kakata, da inda aka haifi kowace, na ambaci sashen. Ya dube ni ya ci gaba da rubutu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, littafin da na karanta daga bango zuwa bango ya yi maganar al'adu da bukukuwa da haɗin kan ƙasa, amma ban ci karo da kalmar Zango a cikinsa ba. Mu da har asusun raya unguwanninmu majalisa ta kafa da doka a 2017. Sai da Kaka ta zuba nata a ciki babin ya zama nawa.

Daga ranar na fara karanta kashin mulki da wani ido. Babi na biyar na tsarin mulki, na haƙƙoƙin ɗan Adam, na bi shi sashe-sashe har inda jarrabawa ba ta nema ba. Sashe na 14 ya ce wanda aka kama dole a gaya masa dalili nan take da harshen da yake ji, a sanar da shi yana da damar ɗaukar lauya, kuma a kai shi kotu cikin awa 48 in ba a sake shi ba. Da na faɗi haka a majalisar ataya, samari shida ne a wurin, huɗu sun gama sakandare, ba wanda ya sani. Dukkansu sun zauna Soshal. Biyu ma sun ci.

Ba kuma kullum sanin ke ɗaukar mutum ya kai shi gaci ba. A babin aure muka koyi cewa iri uku doka ta sani: na gargajiya, na rajista, da na Musulunci, wanda dokarsa ta ce a yi masa rajista cikin mako guda da ɗaurawa. Na tambayi Mma ko an yi wa nasu da marigayi Baba. Ta ce, "Liman ya ɗaura, an raba goro, unguwa ta shaida. Wace takarda kuma?" Muka koyi dokar gado ta 1985, mai lamba 111, wadda ke raba dukiyar wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, rabon da ba irin wanda muka karanta a makaranta ba ne. Ranar ajin ya kusa tashi, tela na cewa wannan ba ta shafe mu ba, Masta na cewa je ka faɗa wa alƙali haka ranar da 'yan'uwa suka kai ƙara. Bai ce mana wanne za mu bi ba. Ya ce dai mu san akwai su duka biyun, kuma mu san amfanin rubuta wasiyya.

Sai maganar haya. Masta ya kawo misalin dokar haya ta 1963 da ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba na fiye da wata shida. A makon nan kuwa maigidanmu ya aiko a sabunta, shekara biyu yake so a dunƙule. Na dawo gida da zafina na ce, "Mma, wannan haramun ne a doka, wata shida ne iyaka." Tana tace gasara ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Dokar tana da ɗakin da za ta ba mu in ya ce mu tashi?" Aka shiga adashi aka biya shekara biyu. Na rubuta wannan a matsayin misali a wata amsa kan abin da ke hana doka aiki, Masta ya ba ni huɗu cikin huɗu, karon farko.

Da jarrabawa ta matso sai kasuwar apo ta buɗe, wato tambayoyin da ake cewa sun fita kafin lokaci. Zama a kiyos ya nuna mini abin da idona. Yara na zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da lamba a rubuce a tafin hannu ko a WhatsApp, a tura sidi kaza, kuma sau da yawa lambar ɗaya ce. Na ce wa wani abokina da muke rimidiyal tare kada ya tura, ya ce ni dai in yi aikina. Na tura masa. Abin da aka aiko masa tambayoyin wata tsohuwar shekara ne da ke cikin paskon da ke jakarsa. Ko da na gaske ne ma, WAEC na riƙe sakamako ko ta soke shi in ta gano, ga shi Soshal ba darasin da sanin tambaya ke wadatarwa ba ne. Na riga na san tambayar galamse a ranar farko, biyar na samu.

Ranar takardar na buga takardar shiga tun da wuri, na bar waya a gida, na hau turoturo, motar haya, zuwa tashar Kejetia na sake wata zuwa makarantar da aka tura ni a ɗaya gefen gari. A layin bincike na ga masu furfura, na ga mai ciki, na ga wani da rigar aikin gadi bai ko samu canzawa ba. Ba mai kallon wani. A Nobdek kowa da abin da ya dawo da shi.

Da aka ce a buɗe, minti biyar na farko ban rubuta komai ba, kamar yadda Masta ya hore mu. Na karanta goman duka, na zaɓi biyar, na jera hujjojin kowace da kalma ɗaya-ɗaya a gefe. Na ajiye agogon Kawu a kan tebur. Biyu daga kashin mulki na ɗauka, nan ne ƙarfina. A ta huɗu yatsana na tsakiya ya fara zafi inda biro ke zama, rubutuna ya fara kwanciya. Ta biyar kuwa, ba zan ɓoye ba, makullin nan mai buɗe kowace ƙofa na zaro: a wayar da kai, a tsaurara doka, a samar da aiki. Na rage minti huɗu aka ce a ajiye biro. Na karɓi ƙarin takarda sau ɗaya, ni da a zaman farko na bar rabin littafin amsa fari fat.

Sakamakon ya fito bayan 'yan watanni, a kiyos ɗin dai na duba. Sayans C6, da ƙyar da jiɓin goshi. Soshal B2. Na haɗa da na farko na cike fom, yanzu ina karanta akanta, kuma a aji ba wanda ya taɓa tambayata ma'anar sanin kai ko matakan zamantakewa. In aka ce in kawo su yau ba zan iya ba. Sashe na 6 da na 14, da Barekese, da wata shida na haya, da yadda ake ɗaukar hujja ɗaya a bi ta har gida, waɗannan suna nan. Na ƙarshen ma shi nake ci da shi a duk takardar da aka ce in yi bayani.

Da na kai wa Mma labari tana wanke tukwane. Ta ce B2 ɗin ya fi na da? Na ce nesa ba kusa ba. Ta yi hamdala, sannan ta fara lissafi da yatsu: kuɗin rajista, kuɗin Masta na wata bakwai, pasko, kuɗin mota, duk ta mayar da su tukwanen koko, ta ce sun kai talatin da wani abu. Na ce zan sayar da littattafan a rage asara, akwai masu saye a bakin kasuwa. Ta ce in kai su ƙarƙashin gadonta in ajiye, ƙanwata na aji biyu.